Da wane ma'auni ake gane gyaran tsarin mulki ya yi nasara? Abin da ya faru a Kenya tun 2010

Tambaya: Malam, kusan duk majalisar da aka rantsar a Najeriya sai ta kafa kwamitin gyaran kundin tsarin mulki, a zagaya shiyyoyi ana jin ra'ayin jama'a, a kashe kuɗi masu yawa. To, da me ake gane cewa gyara ya yi amfani? Kuma akwai wata ƙasa a Afirka da za a nuna a ce ga shi an yi an ga riba?

Amsa: Ɗan'uwa, ƙasar da ya fi dacewa mu duba ita ce Kenya. Ita ba kwaskwarima ta yi wa tsohon kundinta ba, sabo fil ta rubuta a 2010, kuma ya daɗe yana aiki har an ga inda ya riƙe da inda ya sake.

Akwai abubuwa biyu da mutane ke saurin kira nasara alhali ba su kai ba. Na farko yawan ƙuri'ar amincewa. A zaɓen raba gardama na 4 ga Agustan 2010, kimanin kashi biyu cikin uku na masu zaɓe a Kenya sun ce sun yarda, aka ƙaddamar da kundin ranar 27 ga watan a Nairobi cikin shagali. Wannan ya nuna jama'a sun karɓe shi, kuma karɓuwa tana da muhimmanci, amma ba ta gaya mana ko zai yi aiki ba. Na biyu daɗin kalamai. Kundin Kenya ya yi alkawarin lafiya da muhalli da abinci da ruwa da ilimi a sashe na 43, kuma rubuta irin wannan ba ya da wuya. Rufin ɗaki ba a yaba shi da rani, sai an shiga tsakiyar damina. Daminar kundin tsarin mulki kuwa ita ce ranar da ya ce wa mai mulki a'a. Ranar nan nake kallo: wa ya yi ƙarfin halin faɗa masa, ya bi ko bai bi ba, kuma me ya sami wanda ya faɗa ɗin daga baya.

Amma kafin a kai nan, dole a san matsalar da aka yi gyaran domin ta, in ba haka ba sai a auna shi da abin da bai taɓa ɗaukar alkawarinsa ba. Kenya ta sami 'yancin kai a 1963 da kundi mai yankuna da majalisar dattawa. Cikin 'yan shekaru gwamnatin Jomo Kenyatta ta rushe su, iko ya tattaru a fadar shugaban ƙasa. A zamanin Daniel arap Moi, a 1982, aka rubuta a kundi cewa jam'iyya ɗaya ce tak, sai a 1991 aka soke wannan sashe. A wancan lokaci shugaban ƙasa ne ke naɗa alƙalai, shi ke naɗa kwamishinonin larduna har zuwa dagatai, shi ke da ta cewa kan rabon filayen gwamnati. Idan kujera ɗaya ta riƙe wannan duka, zaɓe ya tashi daga gasa ya koma batun a mutu ko a yi rai ga ƙabilu.

Abin ya fashe bayan zaɓen 27 ga Disambar 2007. Aka bayyana Mwai Kibaki a matsayin wanda ya yi nasara, aka rantsar da shi cikin gaggawa da yammacin ranar da aka faɗi sakamako. Shugaban hukumar zaɓe, Samuel Kivuitu, daga baya ya faɗa da bakinsa cewa bai san wanda ya ci ba. Ɗan takarar adawa, Raila Odinga, ya ƙi zuwa kotu, domin a ganinsa alƙalan na Kibaki ne. Sai rikici ya koma titi. Fiye da mutum 1,100 suka mutu, dubban ɗaruruwa suka bar gidajensu. An ƙona mutane a cikin coci a Kiambaa kusa da Eldoret, aka yi ramuwa a Naivasha. Sai da Kofi Annan ya shiga tsakani aka sa hannu a yarjejeniyar kafa gwamnatin haɗaka a watan Fabrairun 2008, kuma sabon kundi yana cikin sharuɗɗan sulhun. Saboda haka tambayoyin da kundin 2010 zai amsa a fili suke: wanda ya faɗi zaɓe zai yarda ya je kotu? Za a rage girman kujerar shugaban ƙasa? Yankunan da aka yi watsi da su za su ga kuɗin ƙasa?

A kan kotu ne na fi ganin aikin kundin, kuma gwajin ya zo da wuri. A farkon 2011 Kibaki ya bayyana sunan wanda yake so ya zama alƙalin alƙalai yadda aka saba a da. Babbar kotu ta ce ya saɓa wa kundi, kakakin majalisa ma ya ƙi karɓar sunan, Kibaki ya janye. Sai hukumar kula da harkokin shari'a ta tallata kujerar, aka yi wa masu nema tambayoyi a gaban talabijin, mutane na kallo daga gidajensu ana tambayar manyan alƙalai hukuncin da suka taɓa yankewa. Wanda ya samu shi ne Willy Mutunga, lauyan da Moi ya taɓa tsarewa, wanda bai taɓa zama alƙali ba. Aka kuma kafa hukumar tantance duk alƙalan da aka gada daga tsohon tsari, ta sallami wasu, har da manya a kotun ɗaukaka ƙara.

A 2013 Odinga ya sake faɗuwa, wannan karon ga Uhuru Kenyatta. Ya tafi Kotun Ƙoli, aka yanke hukunci bai yi masa daɗi ba, ya ce bai gamsu ba amma ya karɓa. Mutumin da ya ƙi taka ƙofar kotu shekara biyar kafin nan ke nan. Kundin ya taimaka da wani abu da a ido ƙarami ne: dole a shigar da ƙarar zaɓen shugaban ƙasa cikin kwana 7, a yanke ta cikin kwana 14, kuma ba a rantsar da kowa sai an gama. Wanda ya san yadda a Najeriya ake rantsar da shugaba ya naɗa ministoci ana ci gaba da shari'a, zai gane nauyin wannan. Alƙali ya fi samun ƙarfin zuciya a kan wanda bai riga ya karɓi sojoji da baitulmali ba.

Sai 1 ga Satumbar 2017. Kotun Ƙoli ƙarƙashin David Maraga, da rinjayen alƙalai 4 a kan 2, ta soke zaɓen shugaban ƙasa da aka ce Kenyatta ya ci da kashi 54 cikin ɗari, ta ba da umarnin a sake cikin kwana 60. Ba a taɓa yin haka a Afirka ba. Hujjar kotun ita ce hukumar zaɓe ta faɗi sakamako kafin takardun rumfunan zaɓe su cika a hannunta, wasu takardun ba su da alamun tsaro da ya kamata, kuma da kotu ta umarce ta ta buɗe na'urorin da aka tura sakamako a duba, ba ta bi umarnin yadda ya kamata ba. Kenyatta ya fusata, ya kira alƙalan 'yan damfara a gaban magoya bayansa, ya ce za a koma kansu. Amma ya sake tsayawa zaɓe. Shugaba mai ci, da sojoji da 'yan sanda a hannunsa, ya bi hukuncin da ya ƙwace masa nasara.

Kada in ƙawata labarin fiye da yadda yake. Zaɓen da aka sake a Oktoba Odinga ya ƙaurace masa, Kenyatta ya samu kashi 98, waɗanda suka fita zaɓe ba su kai kashi 40 ba. Kafin zaɓen farko da 'yan kwanaki an kashe jami'in da ke kula da na'urorin hukumar zaɓe, Chris Msando. 'Yan sanda sun kashe masu zanga-zanga a Kisumu da unguwannin talakawa na Nairobi. Duk da haka hukuncin ya bar gado: a 2022 hukumar zaɓe ta ɗora takardun sakamakon rumfuna sama da 46,000 a intanet, duk mai waya yana iya saukewa ya haɗa lissafi da kansa. William Ruto ya ci da ƙyar, da kashi 50.49, kwamishinonin hukumar 4 cikin 7 suka nesanta kansu daga sakamakon, Odinga ya sake zuwa kotu, kotu ta tabbatar da Ruto, ƙasa ba ta kama da wuta ba.

Nan akwai tarkon da mai nazari ke yawan faɗawa, wato ya jingina duk alherin da ya biyo bayan gyara ga gyaran. Zaman lafiyar 2013 ba aikin kundi kaɗai ba ne. Kenyatta ɗan Kikuyu da Ruto ɗan Kalenjin, wato manyan ƙabilun da suka fi zubar da jinin juna a 2008, sun tsaya takara a tikiti ɗaya, kuma dukansu biyu suna fuskantar tuhuma a kotun duniya ta Hague a lokacin. Tsoron wannan kotu da wannan ƙawance sun yi nasu aikin. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne sau uku a jere wanda ya faɗi ya ɗauki takardunsa ya nufi kotu, kuma wannan ɗabi'a sabuwa ce.

Batun rabon iko ya fi wuyar yanke wa hukunci. Kundin ya raba ƙasar gunduma 47, kowace da zaɓaɓɓen gwamna da majalisarta, ya miƙa musu asibitoci da noma da hanyoyin karkara da kasuwanni, ya ce a ba su aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa. Domin a fahimci ma'anar wannan, a dubi arewacin Kenya, ƙasar makiyaya, inda Somaliyawa da Borana da Turkana suke. Tun 1965 gwamnati ta ɗauki manufar zuba jari a yankunan da ta ce sun fi albarkar noma, arewa kuwa aka bar ta da dokar ta-ɓaci da sojoji. Garin Wajir bai ga kwalta ba sai bayan zuwan gwamnatin gunduma, shekara hamsin bayan 'yancin kai. Yau Turkana da Mandera suna cikin masu karɓar kaso mai tsoka, domin tsarin rabon yana la'akari da talauci da faɗin ƙasa, ba yawan jama'a kaɗai ba. A Makueni, gwamna Kivutha Kibwana ya kawo tsarin da magidanci ke biyan shilin 500 a shekara iyalinsa su sami magani a asibitocin gunduma, ya kuma kafa masana'antar sarrafa mangwaro domin manoman da amfaninsu ke ruɓewa a gona.

A ɗaya gefen, sata ma ta sauka gundumomi tare da kuɗin. A 2015 aka gano gundumar Bungoma ta sayi baro guda 10 na mahauta, kowane ɗaya a kan shilin 109,000. An tsige gwamnan Kiambu, Ferdinand Waititu, da na Nairobi, Mike Sonko, dukansu a 2020. Baitulmalin ƙasa kan riƙe kason gundumomi wata da watanni, ma'aikatan jinya su zauna ba albashi. Wasu sukan kawo wannan su ce rabon iko ya gaza. Ban yarda ba. A da satar tana faruwa a Nairobi inda makiyayin Mandera ba ya ganinta, kuma ba ya samun ko ragowa. Yanzu ya san gidan gwamnansa, yana iya kayar da shi, kuma an kayar da gwamnoni da dama a 2017. Mafi muhimmanci ga matsalar asali, ƙabilar da ɗan takararta ya faɗi zaɓen shugaban ƙasa ba ta tashi hannu rabbana ba, tana da gwamnanta da kasonta.

Inda kundin ya sake kuma a bayyane yake. Ya ce kada jinsi ɗaya ya wuce kashi biyu cikin uku na kujerun zaɓe da na naɗi, amma ya bar wa majalisa ta yi dokar da za ta tabbatar da hakan. Majalisar da maza suka cika ta yi ta ɗagewa, wani lokaci 'yan majalisa su ƙi shiga zaure don kada adadi ya cika. A Satumbar 2020 Maraga ya rubuta wa shugaban ƙasa cewa ya rushe majalisar kamar yadda sashe na 261 ya tanada. Ba a rushe ba. Mata sun ci gaba ta wata hanyar, daga babu gwamna mace ko ɗaya a 2013 zuwa 3 a 2017 da 7 a 2022, amma wannan tanadi na kundi bai cika ba. Babi na shida, wanda ya yi magana kan amana da mutuncin shugabanni, shi ma haka: 'yan majalisa suka yi masa doka mai laushi a 2012, masu tuhumar cin hanci a kansu suka ci gaba da tsayawa takara.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na 'yan sanda. Kundin ya ba kowa 'yancin zanga-zangar lumana a sashe na 37, ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin awa 24, aka kafa hukuma mai zaman kanta da ke sa ido a kansu. A watan Yunin 2024 matasa suka fito kan dokar ƙarin haraji, suka kutsa majalisa ranar 25 ga wata, aka harbe gomman mutane a tsawon zanga-zangar, wasu kuma aka ɗauke su a motoci marasa lamba, iyaye na yawon nemansu a asibitoci da ɗakunan ajiye gawa. Ruto ya janye dokar washegari. Yaran nan da yawa sun fito da tutar ƙasa suna ambaton sashe na ɗaya, wanda ya ce iko na jama'a ne, kuma wannan shaida ce cewa kundin ya shiga zukata. Amma uwar da ta binne ɗanta ba za a ce mata gyara ya yi nasara ba.

Idan ka jera waɗannan, za ka ga abin da ya raba masu rai da matattu. Tanadin da ya rayu shi ne wanda yake da mai shi, wato wani mai ƙarfi da zai yi asara idan aka taka shi. Rabon iko ya haifar da gwamnoni 47 da sanatoci da dubban 'yan majalisun gunduma, kuma babu shugaban da zai iya haɗiye su. 'Yancin kotu yana da alƙalai da lauyoyi da 'yan adawa. Tanadin da ya mutu kuwa shi ne wanda aka ce wa ɗan majalisa ya yi dokar da za ta raba shi da kujerarsa, ko aka ce wa gwamnati ta hukunta ɗan sandan da ke kare ta. Akwai kuma ƙofar da kundin ya buɗe wadda ba a cika yabawa ba: sashe na 22 da na 258 sun ba kowane ɗan ƙasa damar kai ƙara idan an taka kundi, ko da abin bai shafe shi kai tsaye ba.

Ta wannan ƙofa aka kayar da babban yunƙurin sauya kundin. Bayan Kenyatta da Odinga sun yi musabahar sulhu a Maris 2018, suka haɗa kai kan shirin da aka sani da BBI, wanda zai ƙirƙiro kujerar firaminista da mataimaka biyu, ya ƙara mazaɓu 70, ya ɗaga kason gundumomi zuwa kashi 35. Shugaban ƙasa da madugun adawa suna gefe ɗaya, mafi yawan majalisun gundumomi sun amince, majalisar ƙasa ta amince. Sai wasu 'yan ƙasa da 'yan fafutuka suka kai ƙara. Babbar kotu ta rushe shirin a Mayun 2021, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar, Kotun Ƙoli ƙarƙashin Martha Koome ta rufe maganar ranar 31 ga Maris 2022: hanyar gyara da aka keɓe wa jama'a, shugaban ƙasa ba shi da hurumin bi ta cikinta. Alƙalai biyu daga cikin biyar da suka fara yanke hukuncin, Joel Ngugi da George Odunga, suna cikin shida da Kenyatta ya ƙi sa hannu a ƙarin girmansu, sai da Ruto ya hau aka naɗa su. An biya farashi, amma hukuncin ya tsaya.

Nijar ma a 2010 ta yi nata sabon kundin, bayan tazarcen Tandja Mamadou da juyin mulkin da ya kawo ƙarshensa. Kundin ya kulle wa'adi biyu ya hana a taɓa shi, kuma a nan ya yi aikinsa: Mahamadou Issoufou ya sauka a 2021 ya miƙa wa Mohamed Bazoum. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka dakatar da kundin. Ya toshe ƙofar da aka shigo ta cikinta a 2009, amma ta barikin soja tana nan a buɗe. Kenya ba a taɓa yin juyin mulkin da ya yi nasara a cikinta ba, kuma wannan gata ne da kundinta ya tarar, ba shi ya kawo ba.

To, a koma kan tambayarka ta gida. Ka ɗauki kowane gyara da aka yi wa kundin 1999 ka tambaya: wa ke da shi, kuma wa zai yi asara idan ya yi aiki? A 2018 an rage shekarun tsayawa takara, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai daga 30 zuwa 25. Ya wuce cikin sauƙi domin bai taɓa kujerar kowa ba, kuma a 2022 jam'iyya mai mulki ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100. A Maris na 2022 ɗin majalisa ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata, kamar dai yadda ta faru a Nairobi. A Maris 2023 Buhari ya sa hannu a gyaran da ya ba jihohi hurumi kan wutar lantarki da jiragen ƙasa da gidajen yari, kuma jihohi irin su Enugu ba su ɓata lokaci ba wajen kafa nasu hukumomin lantarki, domin gwamnoni na so.

'Yancin ƙananan hukumomi shi ne mai wuyar, domin gyaran kundi yana buƙatar amincewar kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi, su kuwa a tafin hannun gwamnoni suke, kuma gwamnoni ne za su yi asara. Shi ya sa maganar ta bi ta Kotun Ƙoli, wadda ranar 11 ga Yulin 2024 ta ce a riƙa tura kason ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon maye zaɓaɓɓun shugabanni da kantomomi. Idan kana son ka auna wannan da kanka, ka bincika a ƙaramar hukumarku ko kason wata yana shiga asusunta kai tsaye, wa ke sa hannu kafin a fitar da shi, kuma a zaɓen ciyamomi na ƙarshe a jiharku kujeru nawa jam'iyyar da ba ta gwamna ba ta ci.